Maɓallin Kaifi

Ƙasa-ƙasa ake ce masa, don maganarsa ba ta tashi sama, kiɗansa ma haka. Shekara ashirin da shida ke nan yana kaɗa jitar bes, doguwar jitar nan mai tsirkiya huɗu masu kauri, wadda mutane ba sa lura da ita sai ta yi shiru. Tun yana ɗan makaranta ya fara, da guntun katako da wayar birkin keke. Da ya girma ya yi aikin gidan buga takardu na shekara uku, ya tara abin da ya tara ya sayi jita ta hannu, baƙa mai tabo a kafaɗa, ranar da ya riƙe ta kuwa bai sake komawa wajen injin ba.

Bakinsa ne kawai mai shiru. Yatsunsa ba sa hutawa, ko a tebur, ko a kujerar mota, ko a gwiwar wanda tsautsayi ya zaunar kusa da shi. A ƙungiyarsu su shida ne, kuma tun kafuwarta wurin tsayuwarsa ɗaya ne: hagun mai ganga, kafaɗarsa ta dama tana kusan gogar faifan tagullan nan da ake duka yana tartsatsi. Ya kan ce mai bes da mai ganga tamkar ƙafa da takalmi ne, in suka rabu tafiya ta lalace.

Ran Litinin da safe ƙungiyar ta shiga ɗakin ɗaukar sauti don gwaji, domin ran Asabar za a ɗauki faifansu na farko bayan shekaru suna cewa za a yi. Ba su kai ƙarshen waƙa ta biyu ba mai ɗaukar sautin, wata mata mai ƙaramin jiki da ba ta ɓata kalma, ta zare abin sauraro daga kunnenta ta ɗaga hannu ta bayan gilashi. Ta ce bes ɗin na ƙara kamar ana kankare gindin tukunya da cokali. Ta rage daga wajenta har inda za ta iya, amma abin daga jitar yake fitowa.

Shugaban ƙungiyar, wanda suke kira Kyaftin, ya ja Ƙasa-ƙasa zuwa baranda. Ya daɗe yana kewaye-kewaye, ya yabi hannunsa, ya tuno masa tafiye-tafiyen da suka yi tare, sannan ya zo kan magana. Ya ce an jima ana ƙorafin kaifin jitar, kunya ce ta hana a faɗa. In ba a gyara ba zuwa Asabar, mai fiyano zai riƙe bes ɗin da hannun hagu.

"Ba kora ba ce, mutumina. A faifan nan kawai za ka huta."

Ƙasa-ƙasa ya gyaɗa kai. Ya san wanda ya huta a faifai, gobe a dandali ma hutawa zai yi, tunda jama'a abin da suka ji a faifan za su nema. Ya ce wa Kyaftin laifin ba na hannunsa ba ne, firiyam ne ya tsufa.

Firiyam ɗan allon lantarki ne da bai fi kwalin ashana ba, a binne a cikin jitar ta baya, yana cin batir. Shi ke karɓar muryar tsirkiya ya ƙarfafa ta kafin ta bi waya zuwa sifika, kuma daga gare shi maɓallan murɗawa ke leƙowa a fuskar jitar. Na Ƙasa-ƙasa maɓalli biyu gare shi, ɗaya na kauri, ɗaya na kaifi. Ya kai shekara biyu yana jin muryar jitar tana dushewa, yana ƙara murɗa na kaifin, don haka a ganinsa magana a fili take: allon ya gaji, shi ya sa yake fitar da abu ba daidai ba.

Daga can bai tsaya ko'ina ba sai shagon Injiniya. Shagon a ƙarƙashin matakalar wani bene yake, siririn wuri da mutum biyu ba sa giftawa sai ɗaya ya tsuke ciki. Rediyoyi da amfilifaya da aka farke cikinsu sun yi layi har rufi, ƙaurin dalma ya kama bango. Injiniya abokinsa ne na shekara ashirin, mai tabarau biyu, ɗaya a ido ɗaya a goshi, kuma ba ya gyaran abu sai ya yi masa faɗa tukuna. Ya kifa jitar a kan tsohon tawul, ya kwance marfin baya, ya auna nan ya auna can, ya ce shi dai bai ga ciwo ba. Ƙasa-ƙasa ya ce ai ba gani ake yi ba, ji ake yi.

Injiniya na da wasu firiyam guda biyu a cikin gwangwani. Na farko mai maɓalli uku ne, an ƙara masa na tsakiya, wanda ke turo muryar jitar gaba ta ratsa tsakanin ganga da fiyano. Sa shi na bukatar a huda sabon rami a fuskar jitar. Ƙasa-ƙasa ya fita waje lokacin da ake hudawar, ya je ƙarshen layi ya dawo sau huɗu. Da aka gama ya rataya jitar, ya kaɗa, ya murɗa, ya sake kaɗawa, ya ce da ɗan dama. Ya tafi da ita gida.

Talata da hantsi sai ga shi. Ya ce wannan ma kamar an lulluɓe sifika da bargo. Aka cire aka sa ɗayan, mai batir biyu, wanda ko an doki tsirkiya da ƙarfi muryarsa ba ta fashewa, tas take fita kamar ruwa a kofin gilashi. Batir na biyun bai sami wurin zama ba sai da aka matsa wayoyi. Laraba kafin Injiniya ya gama buɗe ƙofa ya tarar da shi a tsaye a bakin matakala, jakar jita a baya, ƙafa na buga ƙasa. Ya ce a mayar masa da mai maɓalli uku, ya yi tunani, wataƙila bai ba shi haƙƙinsa ba. Kafin a kunna ƙarfen narka dalma kuma ya ce a'a, a dakata, ko tsohon za a mayar a canza masa batir.

Injiniya ya sauko da tabarau na goshi ya ɗora a kan na ido. Ya ce ko likita ba ya farke ciki ɗaya sau uku a kwana uku, ramukan kusoshin marfin har sun fara sakewa. Ya ce ya bar jitar ya je gida, gobe ya dawo za a yi abin yadda ake yi.

Gida ba jita ya zama masa kurkuku. Matarsa, wadda maƙwabta ke kira Mai Keke saboda keken ɗinkinta da ke gaban taga, tana haɗa wasu labule. Ya zauna, ya tashi, ya leƙa waje, ya gyara hoton da ba karkace yake ba, ya buɗe firiji ya rufe bai ɗauki komai ba. Ta ce in yawo yake so, ga almakashinta can na neman washi. Ya ɗora ruwan shayi ya zauna kusa da shi yana kaɗa yatsu a cinya. Butar ta yi ta fito har Mai Keke ta taso daga ɗaki ta sauke. Ta dube shi, ya ce tunani yake yi. Ta ce Allah ya sa tunanin ya dahu kafin butar ta ƙone, ta koma kan kekenta. Ya lura ta daɗe ba ta taka ba, amma bai tambaya ba.

Ran Alhamis ya iske Injiniya ya shirya wani abu a kan tebur. Ya jera allunan uku a kan guntun katako, kowanne da batirinsa da maɓallansa, ya jawo waya daga cikin jitar zuwa gare su, da makunni guda da ke sauyawa daga wannan zuwa wancan. Ya ce yana da doka biyu. Ta farko, sai an daidaita ƙarfin ukun da mitar awon lantarki, domin kunnen ɗan Adam maƙwadaici ne, wanda ya fi ƙara shi yake zaɓa ko da ya fi muni. Ta biyu, mai kiɗa zai juya baya, kada ido ya yi wa kunne raɗa.

Ƙasa-ƙasa ya juya ya fuskanci bango, hancinsa kusa da wata matacciyar fanka. Ya kaɗa layin waƙarsu ta biyu. Injiniya ya ce wannan lamba ɗaya. Ƙasa-ƙasa ya ce a ƙara kaifi. Aka ƙara. Ya ce a ƙara. Lamba biyu ma haka, lamba uku ma haka. Aka zagayo aka juya lambobin ba tare da an gaya masa ba. Ya zaɓi ɗaya ya ce shi ne, aka dawo masa da shi bayan minti biyu ya ce wannan ai shi ya fi kowanne dushewa. Gumi ya jiƙa masa wuya. Mai shagon takalma na kusa ya leƙo ya roƙi arziki a rage, haƙoransa na kaɗawa.

Da ya juyo, Injiniya ya nuna masa katakon da sukundireba. Maɓallan kaifi uku duk sun kai maƙura, babu sauran inda za su murɗu.

Ƙasa-ƙasa ya ce to sifikar shagon ce ta mutu. Injiniya ya ce wataƙila. Ya ɗauki mitarsa zai duba waya, ya haɗa bakin tsinkayenta biyu, ya raba, ya sake haɗawa. Ƙasa-ƙasa, don ya sami abin faɗa, ya tambaye shi yaushe ya canza mita, ina tsohuwar nan mai tsuwa in an haɗa tsinkayen, mai damun mutane.

Injiniya ya tsaya da hannu a sama. Ya dube shi ta saman tabarau. Ya matso da mitar kusa da kunnen Ƙasa-ƙasa na dama, ya haɗa tsinkayen ya riƙe.

"Ita ce. Tsuwa take yi yanzu haka."

Ƙasa-ƙasa ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba. Ya juyo da kunnen hagu. Can nesa, kamar sauro a ɗakin maƙwabci, ya ji wani siririn abu. Ya mayar da na dama. Shiru.

Injiniya ya ajiye mitar a hankali. Ya ce tun ran Litinin ya yi zargi, amma abin da nauyi a baki. Ya ce allunan nan uku lafiyarsu ƙalau, har tsohon. Shekara ashirin da shida faifan tagulla na tartsatsi a kunne ɗaya, ko dutse ne ya ci ya zaizaye. Kauri bai tafi ba, shi ya sa yake jin magana da ganga da jitarsa. Saman sautin ne ya gudu, shi kuma yana bin sa da maɓalli, yana zuba wa mutane abin da shi kaɗai ya rasa.

Ƙasa-ƙasa bai ɗauki jitar ba ya fita. Ya bi titi bai san inda za shi ba, ya wuce tashar mota, ya wuce layin masu walda, ya dawo ta bayan makaranta. Yana tafe yana toshe kunne ɗaya da yatsa, ya saki ya toshe ɗayan. A gindin wata bishiya ya ga tsuntsaye cike da reshe, bakunansu na buɗewa suna rufewa. Ya ciro makullansa ya kaɗa a dama, ya kaɗa a hagu, har wata mai sayar da lemo ta tambaye shi ko ya ɓatar da mota ne. Abin da ya fi cin sa ba kunnen ba ne. Tunanin shekara biyu ne yana tsaye a dandali yana kankare wa jama'a tukunya, yana murmushi, abokansa na kallon ƙasa.

La'asar ta yi sanyi kafin ya shiga gida. Mai Keke na cire zare daga bakin labule. Ya tsaya a ƙofa ya ce mata Injiniya ya ce kunnensa ne. Ba ta yi mamaki ba. Ta ce ta kai shekara uku da sani. Ita ta ƙara ƙarar wayarsa ba da saninsa ba, ita ta mayar da kujerarta hagunsa a wajen cin abinci, kuma keken nan wata biyu yana kukan neman mai yana zaune kusa da shi bai taɓa cewa uffan ba, shi da a da ko ƙofa ta yi ƙara sai ya tashi.

"To me ya hana ki faɗa mini?"

"Na faɗa, Baban yara. Sau biyu. Ta dama na tsaya."

Ya so ya yi fushi, dariya ta riga shi. Ya zauna a bakin gado ya riƙe kai. Ya ce shi ke nan, mai fiyano ya ci bulus, mai kiɗan da ba ya jin kansa ai direba ne makaho. Ta ce hannunsa dai bai kurumce ba. Shekara ashirin da biyu tana jin jitar nan ta bango, tana ɗinki a kanta, ta goyi yara uku a kanta, ta san muryarta ta asali kamar yadda ta san tarin kowane ɗa a cikinsu. In kunne ake nema na aro, ga nata biyu suna zaman banza.

Ran Juma'a da safe ta rufe kekenta da zane ta bi shi shagon. Injiniya ya share mata kujera da hularsa, ya ce yau shago ya yi baƙuwa mai daraja, a yi haƙuri da ƙura. Ta zauna ta juya baya kamar yadda doka ta ce, jakarta a cinya. Aka mayar da maɓallan duka tsakiya. Ƙasa-ƙasa ya kaɗa, abin ya zo masa kamar daga ƙarƙashin ruwa, hannunsa ya miƙa wajen katakon, Injiniya ya buge shi da sukundireba.

Ba ta san sunan komai ba, da yadi ta yi bayani. Ta ce lamba ɗaya kamar sabon yadi mai sheƙi ne da ba a wanke ba, kyau a ido, sanyi a jiki. Lamba biyu tsohuwar riga ce mai daɗin sawa, amma ta saki, in aka shiga taro ba za a gan ta ba. Lamba uku ta sa aka maimaita sau uku. Ta ce wannan auduga ce mai jiki, a ɗan rage mata kaifi. Aka rage. Ta ce a ƙara kaɗan, kamar faɗin zare. Sannan ta saurara har ya kai ƙarshen layin, ta ce haka yake kaɗawa shekarar da aka haifi babbar 'yarsu.

Mai maɓalli ukun ne, wanda aka huda jitar dominsa. Injiniya ya ce shi ma shi ya zaɓa a ransa, amma ya fi son a ji daga bakin manya. Ya fara mayar da shi cikin jitar. Ƙasa-ƙasa na zagaye a bakin ƙofa, ya shiga ya fita, sai ya tsaya cak. Ya ce kada a fito da maɓallin kaifin waje. Ya san halinsa, kafin a gama waƙa ɗaya zai kai shi maƙura. A bar shi a ciki inda ta ajiye shi, a naɗe da salatif, a rufe marfi.

Injiniya ya tambaya ramin fa, a bar jita da huda a fuska kamar mai giɓi? Mai Keke ta zazzage jakarta a tebur, cikin allurai da guntayen alli ta tsamo wani baƙin botin kwat mai faɗi. Ya zauna a ramin kamar don shi aka yi. Aka ɗiga masa gam.

Ran Asabar da ƙarfe tara suka shiga ɗakin ɗaukar sauti. Mai fiyano ya gaishe shi da ladabi fiye da kullum, yana murza yatsun hannun hagu. Ƙasa-ƙasa ya ɗauki wayar jitarsa ya zagaya ya tsaya daman mai ganga. Mai ganga ya tambaye shi ko sun yi faɗa ne. Ya ce a'a, wancan kunnen ya ƙoshi, kuma ko wannan ɗin ba duka zai ba shi ba. Ya ciro abin toshe kunne ya sa.

Aka ƙirga huɗu aka shiga. Abin da ya iso masa dushi-dushi ne, ba baki ba hanci. Duk jikinsa na ce masa ba a jin sa, an bar shi a baya. Tun kafin amshi na farko hannunsa na dama ya sauka neman maɓalli, ya ci karo da botin, santsi, ramuka huɗu. Ya dawo kan tsirkiya. Ya manna jitar a cikinsa sosai har yana jin kowace murya tana ratsa katako tana shiga haƙarƙarinsa, ya kafa ido a ƙafar mai ganga. Hannun ya sake sauka a waƙa ta biyu, ya sake a ta uku. Ta bayan gilashi matar ba ta ɗaga hannu ba, ba ta zare abin sauraro ba. Kanta ne kawai ke ɗan sunkuyawa yana ɗagowa daidai da yatsunsa.

Da aka tsaya shan ruwa ta danna abin magana ta ce bes ya zauna, kada a taɓa komai. Kyaftin ya juya wajen mai fiyano ya ce ya mayar da hannun hagunsa aljihu. Ya zo ya duƙa yana kallon fuskar jitar, ya tambaya wannan sabon maɓallin na mene ne. Ƙasa-ƙasa ya ce na uwargida ne, ba a murɗawa.

A motar komawa gida ya zauna da jitar tsakanin ƙafafunsa. A aljihun rigarsa akwai katin asibitin kunne da Mai Keke ta cusa masa da safe, na ran Litinin, ya ciro ya duba ya mayar har sau uku. Bai san yadda faifan ya fito ba, kuma ya gane ko an kunna masa ba zai sani ba sai ya kalli fuskarta. Ya zuge jakar kaɗan ya tura hannu ciki. Har motar ta kai layinsu babban yatsansa na kewaya botin.